Mary Seacole, mai kanti da ta kai kanta jinya bakin daga

 Da aka ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu ma mu kawo wani abu cikin takardar bikin bana, mun daɗe muna ja-in-ja a kan wanda za mu rubuta. Abin da ya raba gardamar shi ne zancen nan da ya ƙi ƙarewa a taronmu tun bara, na ɗiyanmu mata da muke biya wa makarantar jinya da kuɗin adashi, waɗanda tun ba su gama ba wasunsu ke maganar fita waje aiki. Wata uwa ta ce Saudiyya, wata ta ce Ingila, wata ta ce ita ko birnin Katsina ba ta yarda ɗiyarta ta zauna ba, alhali ƙananan asibitocinmu na ƙauye suna kukan rashin hannu. Sai malamarmu ta kawo mana labarin wata mata da ta rasu tun 1881. Muka yi makonni muna bin sa kaɗan-kaɗan, tana fassara muna rubutawa. Abin da ya ja mu gare ta shi ne 'yar kasuwa ce kamar mu, ta san sari, ta san riba, ta san zafin bashi, kuma da kuɗin kasuwarta ta kai kanta ƙasar da ba tata ba don ta yi jinyar mutanen da ba danginta ba.

Sunanta Mary Seacole, ana faɗinsa kamar Meri Sikol. An haife ta a 1805 a birnin Kingston na tsibirin Jamaika, can ƙetaren teku wajen Amurka, wato shekara guda bayan Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. A lokacin Jamaika na hannun Ingila, kuma yawancin mutanenta bayi ne da aka kwaso daga Afirka, da yawa daga wannan yanki namu na yamma, ana sa su noman rake. Ba a sake su gaba ɗaya ba sai 1838. Ita dai Mary ba a haife ta cikin bauta ba. Ubanta soja ne ɗan Sikotland mai suna James Grant. Uwarta mace ce mai jinin Afirka, tana riƙe da gidan saukar baƙi da ake kira Blundell Hall, kamar dai fatoma a wajenmu, sai dai ita baƙinta hafsoshin soja ne da matansu, waɗanda zazzaɓin ƙasar zafi ke kayarwa. Uwar mai magani ce, ta san saiwa da ganye da sassaƙe, ta san abin da za a dafa wa mara lafiya ya iya haɗiyewa. A gidan nan abinci da makwanci da magani duk sana'a ɗaya ce, kuma haka Mary ta tashi ta gani.

Tun tana ƙarama take ɗaura wa 'yar tsanarta magani. Da 'yar tsana ta ishe ta sai ta koma kan karnuka da kyanwoyin gida, daga nan ta riƙa gwadawa a jikinta. Tana wajen shekara 12 ta fara taya uwarta duba marasa lafiya na gaske. A zamanin babu makarantar koyon jinya irin ta yau, ko a Ingila. Wadda ta iya, a gindin wata ta koya.

Kafin jinya ta fitar da ita duniya, fatauci ne ya fara fitar da ita. Tana budurwa ta je Landan sau biyu. A tafiya ta biyu ta yi lodin kayan ci na ƙasarsu da ake adanawa cikin kwalabe, 'ya'yan itace dafaffu da sukari da kayan lambu jiƙaƙƙu cikin ruwan tsami, ta kai ta sayar. Ta je tsibiran Bahamas ta saro kayan kwalliya na bawon dodon koɗin teku, ta je Kiyuba, ta je Haiti. Mu da muke ganin mun yi tafiya in mun kai rogo daga Batsari zuwa Katsina ko Jibiya, sai muka kalli juna a aji muka yi dariya.

A 1836, tana da shekara 31, ta auri wani Bature mai suna Edwin Seacole, mutum mai yawan laulayi. Suka koma garin Black River suka buɗe kantin kayan masarufi, kanti bai yi albarka ba, suka dawo Kingston. Daga nan abubuwa suka zo mata a jere. A watan Agustan 1843 gobara ta ci wani babban yanki na birnin, ta haɗa da gidan uwarta. A 1844 mijin ya rasu, ba a jima ba uwar ta bi shi. Ta yi kwanaki ba ta ko motsi don baƙin ciki, sannan ta miƙe ta ci gaba da riƙe gidan da aka sake ginawa. Manema sun zo, ba ta sake aure ba. Akwai mata da yawa cikinmu da suka san wannan hanya, waɗanda harin dare ya raba da miji da rumbu da shanu cikin sa'a guda, suka wayi gari a Batsari da yara da tabarma. Ba sai mun tsaya yi musu bayani ba.

A 1850 kwalara, wato amai da gudawa, ta faɗa wa Jamaika ta kashe mutum wajen 32,000. Mary ta yi jinya cikinta daga farko har ƙarshe. Shekara ta zagayo ta tafi Panama wajen ɗan uwanta Edward, wanda ke da masauki a wani gari da ake kira Cruces. Lokacin an gano zinariya a Kalifoniya, dubban mutane na ratsawa ta nan, gari ya cika da baƙi da taɓo da ƙazanta. Ba ta daɗe da sauka ba kwalara ta ɓulla, kuma babu likitan kirki a garin, sai aka dawo kanta. Masu hali ta karɓi kuɗinsu, talakawa ta duba su kyauta. Wannan tsari shi ta riƙe har tsufanta: aljihun mai shi ya ɗauki nauyin maras shi.

A nan ne ta yi wani abu da ya sa ajinmu ya yi tsit. Wani maraya ɗan shekara guda ya mutu a hannunta, ta bi wanda zai binne shi, ta buɗe gawar a ɓoye don ta ga abin da cutar ke yi wa cikin mutum. Wasunmu suka ce wannan ƙarfin hali ya yi yawa. Wasu suka ce ai abin da ɗiyanmu ke karantawa cikin littafi yau, wani ne ya fara gani da ido. Ita kanta cutar ta kama ta daga baya, ta tashi.

Ba mu so mu yi mata kwalliyar da ba ta yi wa kanta ba. Cikin magungunan da ta ba mutane akwai na kirki, kamar ruwan da aka tafasa da kirfa, wanda ko ba komai yana mayar wa jiki ruwan da ya zube, da dumama jikin majinyaci da kula da tsabtarsa. Amma akwai kuma maganin da aka haɗa da zaiba da wanda aka haɗa da dalma, irin waɗanda likitocin Turawa na zamanin ke bayarwa. Yau an san guba ne. Mu maƙwabtan Zamfara mun san abin da dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara wajen 400 suka mutu wurin haƙar zinariya, har ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka zo daga ƙasashe daban-daban suka taimaka. Mary da kanta ta amsa cewa ta tafka kurakurai a farkon jinyarta, waɗanda in ta tuna jikinta ke yin sanyi. Da ta san abin da kowace uwa a Darini ya kamata ta sani yau, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri, a yi ta ba majinyaci ana hanyar asibiti, da ta ceci ninkin waɗanda ta ceta. Shi ya sa in ɗiya ta dawo hutu daga makaranta ta ce mana abu kaza da muka gada a daina, bai kamata mu ce ƙwai ya fi kaza wayo ba. Kuɗin da muka biya ke nan yake magana.

A 1853 ta koma Jamaika ta tarar da zazzaɓin shawara na kashe mutane, hukumar soja ta nemi ta kula da masu jinya a barikin Up-Park Camp. Ku riƙe wannan, don zai dawo: sojan Ingila da kansu sun taɓa kiran ta aiki.

A shekarar nan yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Daular Usmaniyya, ba ta Shehu ba, ta Turkawa mai gadon sarauta a Santambul. A watan Maris na 1854 Ingila da Faransa suka shiga bayan Turkawa. Fagen dagar shi ne Kirimiya a bakin Bahar Aswad, ita ce dai wadda muke ji a rediyo tun da Rasha ta ƙwace ta daga Yukiren a 2014. Sojan Ingila fiye da 20,000 suka mutu a yaƙin, kuma wajen kashi uku cikin huɗu ba harsashi ne ya kashe su ba, kwalara ce da atuni da zazzaɓi da sanyi. Jaridu suka yi ta kuka, gwamnati ta tura wata Baturiya 'yar manyan gida, Florence Nightingale, da mata 38 a watan Oktoban 1854, zuwa babban asibitin soja na Scutari kusa da Santambul.

Mary ta iso Landan a wannan kaka, da farko don ta bi sawun wani hannun jari da ta saka a haƙar zinariya. Da ta ji halin da ake ciki, kuma cikin rundunonin akwai waɗanda ta sani tun suna Jamaika, sai ta ɗauki takardun shaida da hafsoshi da likitoci suka rubuta mata ta shiga bin ofisoshi. Ta je ma'aikatar yaƙi, ba a saurare ta ba. Ta je gidan matar ministan da ke ɗaukar mata masu jinya, ta yi zaman jira, aka ce an cika. Ta je wajen masu asusun taimakon sojoji ko za su biya mata kuɗin jirgi, nan ma a'a. Mace mai shekara 49, wadda ta ga kwalara a ƙasa biyu, ta fi yawancin waɗanda aka ɗauka sanin cutar. Ta ba da labarin yadda ta tsaya a titi da magariba hawaye na zuba, tana tambayar kanta ko launin fatarta ne. Masana har yau suna gardama. Wasu sun ce ta makara, ayarin farko ya riga ya tafi, kuma ba ta taɓa aiki a asibitin Ingila ba. Wasu sun ce ko da ta zo da wuri ba za a ɗauke ta ba. Mu dai da muka sha zaman benci a ƙofar ofis mun san yadda ake ce wa mutum an cika.

To a nan ne muke so ɗiyanmu su buɗe kunne. A zamanin Mary babu takardar da za ta nuna a kasa musa mata. Yau akwai. Yarinya na bukatar kiredit biyar, Turanci da Lissafi da darussan kimiyya uku, kafin ta shiga makarantar jinya ta Katsina ko ta ungozoma ta Malumfashi, in ta gama kuma sai ta ci jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta karɓi lasisi. Wannan lasisi shi ne jarinta, ta kiyaye shi kamar yadda muke kiyaye katin ƙungiya, ta riƙa sabunta shi. Mai son Ingila, hukumar jinya ta can sai ta gwada Turancinta, ta yi mata jarrabawa a kwamfuta, sannan ta gwada hannunta a gaban masu dubawa. Babu dillalin da zai tsallakar da ita waɗannan, duk wanda ya ce a sayar da gona a ba shi kuɗi ya kai ta ba jarrabawa, a riƙe gonar. Mai son aikin sa-kai kuwa, akwai ƙofar gwamnati. Tun 1987, zamanin Janar Babangida, Najeriya ke da shirin da ake kira TAC, mai tura ƙwararru, har da ma'aikatan jinya, su yi shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, sannan su dawo. Jamaikar Mary ma ta karɓi 'yan wannan shiri. Amma ƙwararru ake nema, ba wadda tawadar takardarta ba ta bushe ba. Mary ta haura shekara talatin tana jinya a gida da maƙwabta kafin ta nufi Kirimiya. Wadda ta yi shekaru tana karɓar haihuwa da fitilar waya a ƙauyen Safana, ta ga kwalara, ta ga yaro mai tamowa, ta ga raunin bindiga, in ta fita waje da abin hannunta ta fita.

Da ƙofofi suka rufe, sai Mary ta koma ga abin da ta iya. Ta haɗu da wani ɗan uwan mijinta, Thomas Day, suka haɗa jari. Ta buga katuna ta aika gaba cewa tana tafe za ta buɗe wurin abinci da hutawa. Ta sari kaya da magunguna, ta shiga jirgin ruwa mai suna Hollander a ƙarshen Janairun 1855 da kuɗin aljihunta. A hanya ta tsaya Scutari ta gana da Nightingale, ta roƙi makwancin dare ɗaya, aka ba ta wuri a ɗakin masu wanki. Da safe ta wuce. Asibitin nan kwanaki ne a jirgi daga inda ake yaƙin, ita kuwa kusa take so.

Ta sauka tashar Balaklaba ba ta da rumfa. Makonni tana tsare kayanta a bakin ruwa ƙarƙashin tamfol, da dare ta hau wani jirgi maƙare da albarushi ta kwana. Da rana in an kawo masu rauni za a loda su zuwa Scutari, sai ta bar kayan ta je da shayi mai zafi da ruwan lemo da burodi mai laushi, ta gyara wa wannan ɗauri, ta riƙe wa wancan kai. Daga baya ta samu fili 'yan mil kaɗan daga tashar, a kan hanyar da ke zuwa sansanin sojoji, ta sa masa suna Spring Hill. Babu katako a ƙasar, yaƙi ya cinye itatuwa. Da tarkacen jiragen da suka nutse da akwatunan kaya da tsofaffin kwanon rufi da ƙofofin rusassun gidaje aka gina wurin, duk da haka ya ci fam 800. Ta kira shi British Hotel, amma ba otal ba ne na kwana. Kanti ne da ɗakin cin abinci na hafsoshi da wurin sayar wa ƙananan sojoji, da ɗakin girki, da garken dabbobi.

Tana sayar da komai, tufafi, takalma, sirdi, taba, gwangwanaye, dafaffen abinci. Tana sayar da giya ma, ba za mu ɓoye ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa Nightingale ba ta sake jiki da ita ba, ko da yake ta yarda tana da kirki ga sojoji. Amma tana da dokokinta: ƙarfe takwas na dare a rufe, ran Lahadi babu ciniki, babu caca. Da sassafe kafin ciniki ya kankama, masu ciwo ke layi a ƙofarta, mai gudawa, mai zazzaɓi, wanda sanyi ya ci wa yatsu, leburan da kaya ya faɗo wa. Wanda ke da shi ya biya, wanda ba shi da shi ya tafi da magani. Ribar da ta ci a teburin hafsa ita ke sayen maganin ƙaramin soja. Sojoji suka riƙa kiran ta uwa.

Ɓarayi kuwa ba su bar ta ta huta ba. A lissafinta an sace mata dawaki wajen ashirin da alfadarai huɗu da awaki tamanin, ban da tumaki da kaji. Da malama ta karanto wannan wata dattijuwa a bayan aji ta ce ashe har can akwai dajin Rugu. Ɓeraye suka addabe ta har sai da ta aro kyanwa daga wata runduna. Rafin da ke gefen kantin ya yi ambaliya ya tafi da kaya masu yawa.

Ranar da aka yi babban karo, takan ɗaura wa alfadari ɗaya abinci da abin sha, ɗaya kuma bandeji da allura da zare da magani, ta nufi inda ake kwaso masu rauni. Ta je ranar 18 ga Yunin 1855 da aka kai wa ganuwar Redan hari aka sha kashi. Ta je bayan yaƙin kogin Chernaya a watan Agusta, inda ta duba Faransawa da Italiyawa har da Rashawa, abokan gāba. Wata rana harsashin igwa ya taho ta faɗi ƙasa don ta kauce, babban yatsanta na dama ya goce, bai koma daidai ba har ta mutu. Da birnin Sebastopol ya faɗi a watan Satumba bayan kusan shekara ana kewaye da shi, ta samu takardar izini ta shiga da alfadaranta cikin na farko-farko. Wakilin jaridar Times, William Howard Russell, ya gan ta da idonsa tana aiki ya rubuta, daga nan sunanta ya shiga gidajen Ingila.

Yanzu ga inda mu 'yan kasuwa muka dafe kai. Bayan faɗuwar Sebastopol faɗa ya lafa, sojoji na zaune ba aiki, ciniki ya buɗe, ita da abokin jarinta suka yi ta odar kaya masu tsada daga nesa. A ranar 30 ga Maris 1856 aka sa hannu kan sulhu a Faris. Sojoji suka fara naɗe tanti runduna-runduna. Kanti cike, wasu kayan ma suna kan teku suna tahowa, masu saye sun tafi. Littafin bashi kuma cike da sunayen hafsoshi, wasu sun mutu, wasu sun hau jirgi ba sallama. Waɗanda ta sara a wajensu suna nan suna jiran kuɗinsu. Ta karyar da kaya ga Rashawa a kan abin da bai kai kuɗin dakonsu ba. Tana cikin na ƙarshe da suka bar Kirimiya a watan Yulin 1856, ta koma Ingila ta fi yadda ta fito talauci, ga jiki ya gaji. Ta gwada buɗe wurin abinci a barikin Aldershot, bai tsaya ba. A watan Nuwamba kotu a Landan ta tabbatar ta karye.

Mun yi gardama sosai a kan wannan. Wasu suka ce laifinta ne, ta haɗa sadaka da ciniki a tukunya ɗaya. Mu ba mu ga haka ba. Maganin da ta bayar kyauta ba shi ya karya ta ba, don tun Panama take haka ba ta karye ba. Abin da ya karya ta sari ne ba tare da tunanin ranar da kasuwa za ta watse ba, da bashin manya da kunya ta hana ta bi. Kowace mai rumfa a nan ta san wanda ya fi wuyar bi bashi, ba talaka ba ne, mai babbar riga ne. Kuma duk wadda za ta tafi aikin taimako a wata ƙasa, ko ta gwamnati ce ko ta ƙungiya, ta tambaya tun kafin ta ɗaura kaya: wa zai biya kuɗin dawowa, kuma in an dawo aikin da aka bari yana nan? Mary ba ta da wanda za ta yi wa wannan tambaya, don ba wanda ya aike ta.

Abin da ta shuka dai bai ɓace duka ba. Da labarin karyewarta ya fito a jarida, tsofaffin sojoji da hafsoshi suka kafa mata asusu. A watan Yulin 1857 aka yi mata bikin kwana huɗu a wani babban lambun shaƙatawa na Landan, makaɗa da mabusa fiye da 1,000, jama'a dubbai kowane dare. Sai dai kamfanin da ya shirya bikin shi ma yana bakin karyewa, abin da ya iso hannunta fam 57 ne kacal. Ma'ajinmu ta ce a rubuta wannan da babban baƙi. A watan nan kuma ta fitar da littafin rayuwarta, ana sayar da shi sule ɗaya da sisi, ya samu kasuwa har aka sake bugawa. Mace mai jinin Afirka, mai kanti, ta zauna ta rubuta abin da ta gani da kanta, shi ya sa yau muke da abin karantawa. Mu da muka fara riƙe alƙalami da furfura a ka, wannan ya shige mu.

A shekarar ta so ta tafi Indiya inda wani yaƙin ya tashi, aka hana ta. Ta koma Jamaika, kuɗi suka sake yankewa, a 1867 aka sake tara mata asusu, wannan karon da sunayen 'ya'yan Sarauniya Biktoriya a gaba, har ta sayi fili a Kingston ta yi gini. Wajen 1870 ta dawo Landan, ta riƙa yi wa matar yarima mai jiran gado tausa saboda ciwon ƙafa. Ta rasu ranar 14 ga Mayun 1881 a unguwar Paddington tana da shekara 76 ko kusa da haka, ta bar dukiya ta fiye da fam 2,500. Aka binne ta a maƙabartar Katolika ta Kensal Green. A lokacin saura shekara 22 Turawa su shigo Katsina.

Daga nan Ingila ta manta da ita kusan shekara ɗari, sunan Nightingale kaɗai ake koya wa yara. Ma'aikatan jinya na Jamaika su ne ba su manta ba. A 1954 suka sa wa hedikwatar ƙungiyarsu sunanta, kuma matan Karebiyan da suka je Ingila aikin asibiti su suka nemo kabarinta a 1973 suka gyara. A 2004 aka yi ƙuri'a ta zo ta ɗaya cikin baƙaƙen fatar da suka yi fice a tarihin Birtaniya. Aka shafe shekara goma sha biyu ana karo-karo, ran 30 ga Yunin 2016 aka buɗe mutum-mutuminta a harabar asibitin St Thomas a Landan, asibitin da Nightingale ta buɗe makarantar jinyarta a 1860. Masu kishin Nightingale sun yi ƙorafi, suka ce mai kanti ce ba nas ba, wurin ba nata ba ne. An yi shi da tagulla, tana tafe da jakar magani, fuskarta na kallon majalisar dokokin Ingila a ƙetaren kogi. A bayanta akwai wani babban faifai, wanda maƙerin ya sa aka je har Kirimiya aka ɗauko masa zanen ƙasar wurin da kantinta ya tsaya, da duwatsunta da tsagoginta.